Darasin Lafiya: Idan Likita Ya Wulaƙanta Ka, Me Za Ka Yi?

Darasinmu na wannan wata ya shafi wani abu da ke ci wa mutanen karkara tuwo a ƙwarya. Mutum zai baro ƙauye tun da asuba, ya biya kuɗin mota, ya yanki kati, ya bi layi har rana ta take. Da ya shiga wurin likita sai a daka masa tsawa, ko a ƙi ɗaga kai a dube shi, ko a rubuta masa magani tun bai gama faɗin abin da ke damunsa ba. Wani ma ce masa ake yi, "Ba abin da ke damunka, tashi ka ba wani wuri."

Idan haka ta faru, wasu sukan haɗiye baƙin cikinsu, su koma gida ba su san ciwon da ke jikinsu ba. Wasu kuma sukan yi fushi, su rantse ba su ba asibiti, su koma wa kemis da masu tallar magani a kasuwa. Duk biyun asara ce, kuma mara lafiya ne ke ɗaukar ta. Abin da wannan darasi ke son ka riƙe shi ne: kada mugun halin wani ya sa ka bar asibiti ba ka sami abin da ya kai ka ba.

A nan idan mun ce likita, muna nufin duk wanda kai da iyalinka kuka saba zuwa wurinsa, ko likita ne a babban asibiti, ko malamin asibiti a asibitin sha-ka-tafi na garinku, ko nas, ko ungozoma.

Me ke kawo wannan hali?

Likitoci sun yi kaɗan a ƙasarmu, musamman a karkara. Da yawa daga cikinsu sun tafi aiki Ingila da Saudiyya da wasu ƙasashe. Waɗanda suka rage, aiki ya yi musu yawa. Wani ya kwana yana aiki, gari ya waye ya tarar da layi har bakin ƙofa. Wani kuma baƙo ne, Hausarsa ba ta nuna ba, sai maganarsa ta fito da kaushi alhali ba haka yake nufi ba. Akwai kuma wanda halinsa ne kawai, yana ganin mutumin ƙauye bai san komai ba.

Sanin dalili yana taimaka maka ka san yadda za ka ɓullo wa al'amarin. Amma gajiya ba ta ba kowa izinin wulaƙanta mara lafiya ba. Yawancin ma'aikatan lafiya suna aikinsu da mutunci, kuma su ma ba sa jin daɗin abin da ɓata-garin cikinsu ke yi.

Abin da doka ta ce

Nijeriya tana da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta shekarar 2014. Ga abubuwa huɗu da ta tanada maka.

1. Sashe na 20 ya hana ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin taimakon wanda ke cikin halin gaggawa, ko da wane dalili. Wanda ya karya wannan, ana iya cin sa tarar naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko a haɗa masa duka biyu.

2. Sashe na 23 ya ce a gaya wa mara lafiya halin da jikinsa ke ciki, da irin maganin da za a iya yi masa, da amfaninsa, da haɗarinsa, da kuɗinsa. Ya kuma ce, in da hali, a yi bayanin da harshen da mara lafiya ke ji, a kuma lura da zurfin karatunsa. Ashe neman bayani da Hausa ba roƙon alfarma ba ne.

3. Sashe na 26 ya ce labarin ciwonka sirri ne. Ba a baza shi ga jama'a.

4. Sashe na 30 ya ce kowa na iya kai kuka kan yadda aka yi masa a asibiti, kuma a binciki kukan.

A shekarar 2018 kuma, Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da takardar haƙƙoƙin marasa lafiya a Abuja. A cikinta akwai haƙƙin a mutunta ka ba tare da duba jinsi ko addini ko ƙabila ba, da haƙƙin a bayyana maka kuɗin da ake neman ka biya.

Sai dai dokar ta 2014 ta kare ma'aikaci shi ma. Sashe na 21 ya ba shi damar ƙin duba wanda ya zage shi ko ya kai masa duka. Saboda haka wanda ya rama tsawa da zagi ya ba da ƙofar da za a kore shi. Baki shi ke yanka wuya.

Shiri tun daga gida

Ba a fafe gora ranar tafiya. A nan ne karatun da ka koya a ajin yaƙi da jahilci zai yi maka rana. Kafin ka fita, ɗauki takarda da biro ka rubuta waɗannan:

Ina ne ke ciwo?
Kwana nawa da farawa?
Yana ƙaruwa ne, ko yana tafiya yana dawowa?
Wane magani ka riga ka sha, na kemis ko na gargajiya?
Akwai maganin da jikinka ba ya so?
In mace ce, tana da ciki ko tana shayarwa?

Ka tafi da tsohon katinka da kwalayen magungunan da ka sha. Kada ka ɓoye jiƙo ko sassaƙen da ka sha don tsoron faɗa, domin wani maganin ba ya haɗuwa da wani. In da hali, ka tafi da ɗan rakiya mai natsuwa. Zai taya ka riƙe bayani, kuma shi ne shaidarka in wani abu ya faru.

Likitan da ke cikin sauri ba ya jure dogon labari. Dubi bambancin waɗannan maganganu biyu. Wata ta ce, "Wallahi yaron nan dai ba ya jin daɗi, tun ranar da muka dawo daga biki." Wata kuma ta ce, "Likita, zazzaɓi yake yi yau kwana 3, ya yi amai sau 4 tun jiya, kuma ya ƙi kama nono." Ta biyun ta ba likita abin da zai yi aiki da shi, kuma da wuya a kau da kai daga irin wannan bayani.

A gaban likita

Yi sallama, ka gaishe shi, ka fara da abin da ya fi damunka. In ya katse ka, kada ka yi shiru, kada kuma ka ɗaga murya. Ka ce, "Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri, saura abu ɗaya ban faɗa ba." In nas ce ta yi miki tsawa, ki ce, "Sista, ki yi haƙuri, ban gane ba ne, ki sake yi mini bayani." In da Turanci ake maka magana, ka nemi a kira wani ma'aikaci ya yi tafinta.

Idan an ce maka ba komai alhali kai kana jin ciwo, ka tuna mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka faɗi abin da ciwon ya hana ka yi: "Likita, yau mako biyu ban iya zuwa gona ba," ko "Ba na iya barci saboda shi." Ka kuma tambaya ko akwai gwajin da ya kamata a yi. Alal misali, ba kowane zazzaɓi ne na cizon sauro ba. Ana gane shi da ɗigon jini daga yatsa, kuma sakamako na fitowa cikin kamar minti 20. Haka nan wanda ya yi mako 2 ko fiye yana tari, ya nemi a yi masa gwajin kaki saboda tarin fuka. Gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware don wannan ciwo.

Kada ka tashi daga kujera sai ka sami amsar tambayoyi uku:

1. Mene ne ke damuna?
2. Yaya zan sha maganin, sau nawa a rana, kuma kwana nawa?
3. Wace alama zan gani in dawo da sauri?

Rubuta amsoshin a takardarka, ka karanta masa don ya tabbatar ka ji daidai. In bai ba ka dama ba, ka sake tambaya a ɗakin ba da magani. Matambayi ba ya ɓata.

In har ya ƙi saurararka, ka nemi ganin wani likita, ko ka nemi takardar da za ta tura ka babban asibiti. Canza likita ba laifi ba ne. Abin da ke da haɗari shi ne ka daina shan maganin hawan jini, ko na ciwon suga, ko na tarin fuka, don kana fushi da wanda ya rubuta maka.

Alamomin da ba a komawa gida da su

Akwai lokacin da ba a haƙuri a ce sai gobe. Ga yaro ƙarami: idan ya kasa sha ko kama nono, ko yana aman duk abin da ya ci, ko yana taune-taune, ko jikinsa ya saki ba ya farkawa sosai, ko yana numfashi da ƙyar. Ga mai ciki: zubar jini, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, jijjiga, ko naƙudar da ta daɗe. Ga babba: ciwon ƙirji mai tsanani, ko karkacewar baki da mutuwar ɓarin jiki farat ɗaya.

Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, kada ya tsaya bin layi. Ya faɗa wa ma'aikaci na farko da ya gani cewa gaggawa ce. In an yi biris da shi, ya nemi shugaban asibitin nan take. In babu mai taimako, ya garzaya asibiti mafi kusa. A ceci rai tukuna, kai kuka ya biyo baya.

Inda ake kai kuka

Ana farawa daga ƙasa ne a hau sama.

Mataki na farko shi ne shugaban asibitin, ko babbar nas mai kula da sashen. Sau da yawa magana takan ƙare a nan.

Mataki na biyu, in ƙaramin asibiti ne, shi ne kwamitin ci gaban mazaɓa, wanda mutanen gari ke ciki, ko sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Mai unguwa ko dagaci na iya raka ka. In babban asibitin jiha ne, sai hukumar kula da asibitoci ta jiha ko ma'aikatar lafiya. A asibitocin Gwamnatin Tarayya akwai ofishin SERVICOM, tsarin da aka kafa a 2004 don karɓar koken jama'a kan ayyukan gwamnati.

Mataki na uku na babban laifi ne, kamar sakacin da ya jawo naƙasa ko rasa rai. Akwai majalisar da ke yi wa likitoci rajista a Nijeriya, wadda ake kira MDCN a taƙaice. Tana binciken koken da aka rubuta aka yi rantsuwa a kansa, kuma ana iya yi wa likita gargaɗi, ko a dakatar da shi, ko a soke sunansa daga rajista. Nas da ungozoma su ma suna da tasu majalisar.

Kukan da aka rubuta ya fi na baki ƙarfi. Ga misali:

Zuwa ga Shugaban Asibitin ..........
Ranka ya daɗe,
Ni ne .......... daga garin .......... Lambar katina .......... Ranar .......... da ƙarfe .......... na kawo ɗana yana zazzaɓi da amai. Ma'aikacin da ke ɗaki na .......... ya yi mini tsawa, ya sallame mu bai duba yaron ba. Wanda ya shaida abin shi ne .......... Ina roƙo a duba ɗana, a kuma binciki wannan al'amari.
Na gode.
Sa hannu da kwanan wata ..........

Ka rubuta abin da ya faru kawai, ban da ƙari, ban da zagi. Ka yi kofi biyu, ka miƙa ɗaya, ka ajiye ɗaya. Kukan da ka kai yau zai iya kare maƙwabcinka gobe. Haka kuma in ma'aikaci ya kyautata maka, ka gode masa, ka kuma faɗa wa shugabansa.

Tambayoyi

1. Wace shekara aka yi Dokar Lafiya ta Ƙasa?
2. Me sashe na 23 ya ce game da harshen da za a yi maka bayani da shi?
3. Kawo tambayoyi uku da za ka yi wa likita kafin ka tashi.
4. Kawo alamomin haɗari uku ga yaro, da uku ga mai ciki.
5. Me ya sa bai kamata ka rama tsawa da zagi ba?

Aikin aji

Kowane ɗalibi ya kwafi takardar koken da ke sama a littafinsa, ya cike guraben. Sannan a tashi biyu-biyu, ɗaya ya zama likita mai sauri, ɗaya ya zama mara lafiya, a gwada faɗin ciwo cikin jimla uku. Wanda ya gama, ya karanta wa iyalinsa wannan darasi a gida.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana lafiya. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.