Filin Shawara: Fitilar tafi ta haɗa ni da surukata

Gwaggo, ni matar aure ce a Sanam, maigidana yana ci-rani a Kwatano. Da ya zo babbar salla ya kawo wani ɗan makunni da ake tafa wa sau biyu fitila ta kama, a sake tafawa ta mutu. Ya sa aka haɗa shi a ɗakin Inna, mahaifiyarsa, saboda ciwon gwiwa da raunin ido. Tun da ya koma ba mu huta ba. Fitila takan kama da rana tsaka ba wanda ya taɓa ta, ko ta mutu Inna na cikin lazimi, batirin sola kuma ba ya kai mu asuba. Yanzu ta ce ba ta kwana da abin da ke kunna kansa. Har na ji tana gaya wa maƙwabciya wai ni ke yi mata wasa da hankali daga tsakar gida. In cire in ɓata wa maigida, ko in bari in ɓata wa Inna?

Wata baiwar Allah, Sanam

'Yata, kwantar da hankalinki, ba aljani a ɗakin Inna. A cikin wannan makunni akwai ɗan makirfo da ke sauraron ƙara mai kaifi. In ya ji biyu a jere, sai ya haɗa wuta ko ya yanke ta. Bai san tafi ba, bai san wanda ya yi ba. Amurkawa suka fara sayar da irinsa a tsakiyar shekarun 1980 da sunan The Clapper, kuma ko a can haushin kare da bugun ƙofa sukan ruɗe shi.

To ina ga gida irin naku a ƙasar Kurfai? Da safe ana sussuka, da hantsi ana surfe. Mai daka ta cilla taɓarya sama, ta tafa sau biyu kafin ta cafe: ai ta kunna wa Inna fitila ke nan ba ta sani ba. Ga faskare, ga kwanon da ya faɗi, ga 'yan mata na gaɗa da farin wata. Batun batir kuwa, abu biyu ne ke cin sa. Fitila na ci da rana a banza, shi kansa makunnin kuma kunnensa a buɗe yake dare da rana, yana tsotsar wuta kaɗan-kaɗan.

Ki fara da Inna kafin na'urar. Kada ki tayar da maganar maƙwabciya, kada kuma ki yi mata dariya. Tsohuwar da ke laluben buta cikin duhu a lokacin kunamu tana da dalilin son fitilar da za ta amince da ita. Bayan la'asar ki shiga ki gaishe ta, ki roƙe ta ta tafa da hannunta. Sannan ki sa yarinya ta buga turmi a bakin ƙofa, ke kina zaune kusa da ita, hannuwanki a kan cinya. Gani ya kori ji.

Daga nan, ranar kasuwa ki nemi mai gyaran sola. Wasu irin wannan makunni suna da wurin rage ƙarfin ji, in naku na da shi sai ya rage, ya matsar da shi nesa da ƙofa, kusa da gadonta. Ya kuma sa makunnin hannu kafinsa, a riƙa kashe shi da gari ya waye. In duk da haka ranta bai kwanta ba, a ɗaura mata makunnin igiya a saitin kanta, ta miƙa hannu ta ja. Ya fi araha, kuma ba ruwansa da taɓarya.

Shi maigida ki kira shi ki fara da godiya. Ki ce tsarabarsa na ji fiye da kima, ki bar shi ya faɗa wa mahaifiyarsa da bakinsa cewa a gyara ko a sauya. Abin da ya nufa Inna ta huta, ba dole sai da tafi ba.

Gwaggo, ina da kanti a Filinge. Zan iya haɗa firij da abin guga a irin wannan makunni?

Wani ɗan kasuwa, Filinge

Ɗana, kada ka fara. Injin firij ba ya son a kashe a kunna nan take, yana bukatar 'yan mintoci tsakani, in ba haka ba ya lalace. Abin guga da risho na lantarki kuwa, ƙarar salansar babur na iya kunna su bayan ka kulle kanti, gobara ke nan. Ka tsaya ga fitila, rediyo ko ƙaramar fanka. Kafin ka biya kuɗi ka duba rubutun jikinsa: na wutar NIGELEC volt 220 ne, na batirin sola galibi volt 12, kuma ba a musanya su.

Ku ci gaba da aiko wasiƙunku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.