Duban Shafi Kafin Ɗab'i: Nazari a Kan Fito da Tsararren Rubutu a Taminal da Firintar Layi

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa kai kundinsa wurin masu buga takardu ya san fargabar da ke tsakanin miƙa rubutu da karɓar bugu. Abin da ya rubuta ya san shi, amma yadda zai zauna a kan shafi sai ya gani. Manufar wannan maƙala ita ce ta yi nazarin yadda masana kwamfuta a Amurka da Turai, tun daga 1964 har zuwa shekarun 1980, suka riƙa duba rubutun da aka tsara domin ɗab'i ta hanyar fito da shi tsura a kan na'urorin da ba su san komai ba sai haruffa masu girma ɗaya. Za a dubi na'urorin, da hanyoyi biyu da aka bi, da abin da duban kan nuna da wanda yakan ɓoye. Daga ƙarshe za a kawo abin da ya shafi ɗalibin Hausa, wato makomar haruffa masu lanƙwasa a irin wannan aiki.

2.0 Na'urorin da Ake Magana a Kansu

Taminal na'ura ce mai madannan haruffa wadda mutum kan zauna gabanta ya aika wa babbar kwamfuta umarni, ita kuma ta mayar masa da amsa. Ta farko-farko kan buga amsar a takarda, kamar Teletype samfuri na 33 da ta fito a 1963, mai buga harafi goma a daƙiƙa ɗaya, kuma manyan baƙaƙe kaɗai ta sani. Daga baya aka sami mai allon gilashi, irin VT100 ta kamfanin DEC da ta fito a 1978, wadda allonta ya saba ɗaukar layi 24, kowane layi gurbi 80.

Firintar layi kuwa ita ce na'urar da kan buga layi guda cur a lokaci ɗaya a kan doguwar takarda mai huji a gefe da gefe. Misalinta shi ne IBM 1403 ta 1959, wadda akwai samfurinta mai gurbi 132 da kan buga layi 600 a minti ɗaya. A ƙa'ida harafi goma ke cika inci ɗaya a kwance, layi shida kuma ke cika inci ɗaya a tsaye. Saboda haka shafi mai tsawon inci 11 layi 66 yake ɗauka.

Abin lura a nan shi ne, shafin waɗannan na'urori tamkar gidan dara yake. Kowane gurbi harafi ɗaya yake ci, kuma babu abin da zai zauna tsakanin gurbi da gurbi. Haruffan ma ƙididdigaggu ne, domin tsarin ASCII, wanda aka fitar a 1963 aka kuma yi masa gyara a 1967, lambobi 128 ne kacal gare shi, 95 daga ciki ne ake iya bugawa, sauran umarni ne ga na'ura.

Na'urar jera haruffa ta maɗaba'a ba haka take ba. Kowane harafi da faɗinsa, akwai masu kauri, akwai masu jirge, akwai manya da ƙanana, kuma ana iya ajiye harafi a ko'ina a shafi. Matsalar da ake son warwarewa ke nan: yaya za a nuna aikin na'ura ta biyu a kan ta farko?

3.0 Dalilin Buƙatar Duba

A 1964 Jerome Saltzer na Cibiyar Fasaha ta Massachusetts ya rubuta manhajar RUNOFF. Marubuci kan sa umarni a cikin rubutunsa, kowane umarni a layinsa kuma da ɗigo a farkonsa, sai manhajar ta cike layuka ta daidaita gefuna ta raba shafuka. Daga gare ta aka sami roff a ɗakunan bincike na kamfanin Bell da ke jihar New Jersey, inda sashen rajistar ƙirƙire-ƙirƙire ya yi amfani da ita a 1971 wajen buga takardunsa. Joe Ossanna ya faɗaɗa ta zuwa nroff, sa'an nan wajen 1973 ya rubuta troff domin sarrafa na'urar jera haruffa mai suna CAT.

Ita CAT haske take haskawa ta cikin hoton harafi ya sauka a kan takardar hoto. Sai an wanke takardar da sinadari kafin a ga abin da ya fito. Takardar na da tsada, na'urar guda ce ga jama'a da yawa, kuma kuskuren harafi ɗaya na iya jawo a sake shafi. Allon taminal kuwa ba ya iya zana siffar shafi. Tun da rigakafi ya fi magani, ya zama wajibi marubuci ya sami hanyar leƙa aikinsa da araha kafin ya kai shi ga na'ura mai tsada.

4.0 Hanyoyi Biyu na Duba

4.1 Sake tsara rubutun domin ƙaramar na'ura

Hanya ta farko ita ce ta nroff. Ossanna ya gina nroff da troff yadda za su karɓi umarni iri ɗaya. Marubuci kan ba nroff rubutunsa, ita kuma ta tsara shi daidai da gurabun taminal. Layin da aka ce ya yi inci shida da rabi sai ya zama gurbi 65. Sakamakon kan fito tsaf, mai daɗin karantawa, har ana iya raba shi ga jama'a a haka.

Sai dai akwai illa. Tun da faɗin haruffa ya bambanta, inda layi ya ƙare a nroff ba nan zai ƙare a troff ba, haka ma shafi. Wato wannan hanya na nuna kuskuren rubutu, da umarnin da aka manta ba a rufe ba, da jerin sassa da sakin layi, amma ba ta gaya wa marubuci ko kan magana zai maƙale shi kaɗai a gindin shafi, ko jadawali zai rabu biyu.

4.2 Rage tsararren shafi zuwa tsurar rubutu

Hanya ta biyu ita ce a bari manhajar ɗab'i ta gama aikinta duka, sa'an nan a ɗauki sakamakon a kwatanta shi da haruffan ASCII. Ita kanta troff tana da zaɓin da ake rubutawa -a, wanda kan fito da kwatancin shafin a taminal. Amma inda hanyar ta fi fitowa fili shi ne a tsarin TeX.

Donald Knuth na Jami'ar Stanford ya ga gwajin bugu na biyu na juzu'i na biyu na littafinsa a 1977, bai gamsu da kyan ɗab'in ba, shi ne ya zauna ya rubuta TeX, wadda ta fara aiki a 1978 aka kuma sake gina ta a 1982. TeX ba ta magana da firinta kai tsaye. Takan fitar da fayil da ake kira DVI, wanda David Fuchs ya tsara fasalinsa, kuma abin da ke cikinsa jerin umarni ne kawai: ɗauki zubin haruffa kaza, ajiye harafi kaza, matsa dama kaza, sauka ƙasa kaza. Domin karanta wannan fayil a taminal ko firintar layi aka rubuta manhajoji irin su dvi2tty ta Svante Lindahl a Suwidin, wadda Marcel Mol ya mayar zuwa harshen C, da crudetype ta R. M. Damerell a Ingila.

A nan ƙarshen kowane layi da kowane shafi na gaskiya ne, domin TeX ce ta yanke su. Siffar ce kawai kan lalace, saboda dalilan da za a gani yanzu.

5.0 Matsalolin Ragewa da Dabarun Magance Su

Matsala ta farko ita ce ta ma'auni. TeX na raba inci ɗaya kashi sama da miliyan huɗu, firintar layi kuwa kashi goma. A zubin haruffan da Knuth ya zana, harafin m ya ninka i sau uku a faɗi. Kalmar "fili" a matsakaicin girma ba ta cika faɗin gurbi biyu ba, alhali kuwa gurbi huɗu take buƙata. Idan aka dage sai kowane harafi ya sauka a ainihin wurinsa, haruffa za su hau kan juna. Idan aka ba kowanne gurbinsa, layi zai yi tsawo, domin layin inci shida da rabi kan ɗauki harafi sama da 90. Shi ya sa dvi2tty kan karya dogon layi ta sa alamar tauraro a wurin, kuma akan shawarci mai taminal da ke iya nuna gurbi 132 ya juya ta zuwa hakan.

Ta biyu ita ce ta tazara. A fayil ɗin DVI babu harafin da ke nufin fili tsakanin kalmomi, sai dai umarnin matsawa. Dole manhaja ta yi ƙiyasi: matsawa mai yawa rabuwar kalma ce, 'yar kaɗan kuwa gyaran zama ne tsakanin haruffa biyu. In ƙiyasin ya kuskure, kalmomi biyu su haɗe ko ɗaya ta tsage.

Ta uku ita ce ta haɗaɗɗun haruffa. Maɗaba'a kan haɗe f da i su zama siffa ɗaya. A zubin Knuth wannan siffa na lamba ta 12, lamba ta 12 kuwa a ASCII umarni ce ga firinta ta tsallaka sabon shafi. Da za a aika lambar yadda take, duk inda aka rubuta "lafiya" ko "fita" sai takarda ta yi tsalle. Don haka wajibi ne manhaja ta warware haɗin ta mayar da shi harafi biyu.

Ta huɗu ita ce ta kauri da jirge. Dabarar nroff a nan ita ce bugu a kan bugu. Akan buga harafi, a ja da baya gurbi ɗaya, a sake buga shi, sai ya yi kauri. A madadin jirge kuma akan buga alamar jan layi, a ja da baya, a ɗora harafin a kai. A takarda wannan na aiki sarai. A allon gilashi kuwa harafin baya kan shafe na farko, shi ya sa aka rubuta ƙananan manhajoji irin su ul da colcrt domin su fassara wa allo. Akwai kuma col, mai gyara rubutun da ke buƙatar takarda ta koma sama, abin da yawancin firintocin layi ba sa iyawa. Lissafi mai hawa biyu, wanda manhajar eqn ta Brian Kernighan da Lorinda Cherry kan tsara, sai dai a kwatanta shi da layuka uku: na sama, da jerin karan ɗori, da na ƙasa.

6.0 Abin da Ya Shafi Hausa

An yi ASCII ne domin Ingilishi, saboda haka babu ɓ da ɗ da ƙ a cikinsa, babu kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar. Ga mai rubutun Ingilishi, abin da ragewa kan ci shi ne ado. Ga mai rubutun Hausa kuwa ma'ana take ci. Idan lanƙwasa ta faɗi, "ƙafa" ta koma "kafa", "ƙura" ta koma "kura", "ɓata" ta koma "bata", "baƙi" ya koma "baki". Marubucin da ya duba aikinsa a irin wannan allo ba shi da hanyar sanin ko ya sa lanƙwasar ko bai sa ba, alhali shi ne kuskuren da ya fi kamata ya kama.

Masu rubuta Hausa da ASCII sun nemi mafita ta hanyar sa alamar hamza kusa da harafin, kamar k' da d' da b', wasu kuma su sa babban baƙi a tsakiyar kalma. Kowacce na da aibinta. Alamar hamza ta riga ta sami aiki a kalmomi irin su "sa'a" da "'ya'ya", babban baƙi kuma ba ya rarrabewa a farkon jimla. Haka nan alamomin karin sauti da tsawon wasali da masu nazarin harshe kan ɗora a kan wasula: a takarda ana iya bugu a kan bugu, a allo kuwa ɗaya daga cikin biyun ne kaɗai zai tsira.

Sauƙi ya zo ta fuska biyu. A 1992 Jörg Knappen ya fitar da zubin haruffan TeX domin harsunan Afirka, wanda ya ƙunshi haruffanmu masu lanƙwasa. Tsarin Unicode kuma, wanda ya fito a 1991, ya ba kowannensu lambarsa, sa'an nan Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8 a 1992, hanyar da ta sa tsurar rubutu ke iya ɗaukar su ba tare da an rushe ASCII ba.

7.0 Kammalawa

An ga cewa hanyoyin duban biyu kowacce da tambayar da take amsawa. Ta nroff na amsa ko kalmomi da tsarin sassa sun yi daidai. Ta dvi2tty na amsa inda layi da shafi za su ƙare. Babu wadda ke nuna ainihin fuskar shafi, domin kama da wane ba ta wane. Da aka sami allo mai zana hoto da firinta mai aiki da hasken leza a shekarun 1980, buƙatar wannan duba ta ragu ƙwarai. Duk da haka aikin bai mutu ba, domin har yau littafin jagorar tsarin Unix, wanda aka fara fitarwa a 1971, da umarnin roff ake rubuta shafukansa, kuma a taminal ake karanta su ta hanyar manhajoji irin su groff, wadda James Clark ya fitar a 1990.

Shawarar da za a ba ɗalibin Hausa ita ce, ya tabbata haruffa masu lanƙwasa da ke cikin kundinsa suna da lambobinsu na Unicode, ba wai wani zubin haruffa ne ya ari gurbin wata alama ya zana su a ciki ba. Gwajin mai sauƙi ne: ya kwafi sakin layi ɗaya ya zuba shi a inda ba a yi wa rubutu ado. Idan ƙ ta fito ƙ, to rubutunsa zai isa maɗaba'a da ma'anarsa. Idan ta koma k ko wata baƙuwar alama, gara ya gyara tun kundin bai bar hannunsa ba.