Shawara Ga Masu Haɗa Manhaja Game Da Fayilolin Tarayya

Ya kai ɗan'uwa mai haɗa manhajar kwamfuta, ka sani cewa fayilolin nan da ake kira DLL, waɗanda manhajoji da dama suke tarayya a kansu cikin Windows, amana ce a wuyanka, domin kuwa duk wanda ya danne sabon fayil da tsoho a cikin ma'ajin System32, haƙiƙa ya gyara tasa manhajar ne ya ɓata ta maƙwabcinsa. Wannan fitina ta addabi jama'a a shekarun 1990, har Microsoft ya sanya wa fayilolin tsari kariya a Windows 2000, sa'an nan a Windows XP na 2001 aka ba nau'o'i mabambanta na fayil guda damar zama kusa da juna ba tare da husuma ba.

Saboda haka, idan manhajarka tana bukatar kayan Visual C++, kada ka kwaso su daga kwamfutarka; ka haɗa da ƙunshin vc_redist wanda kamfanin ya tanada, wanda sabonsa yake wadatar da abin da aka gina tun daga nau'in 2015 zuwa 2022. Ka karanta sharuɗɗan lasisi, don ka san abin da aka halatta maka rarrabawa. Ka duba lambar nau'i kafin ka musanya fayil, kuma ranar da mai amfani ya cire manhajarka, ka bar kayan tarayya a wurinsu, domin wataƙila wani yana dogara da su.

Daga ƙarshe, ka jarraba aikinka a kwamfutar da aka sa wa Windows sabo fil, domin a can ne fayil ɗin da ka manta zai bayyana.