Kafin Ki Shiga Kasuwar Darajani, Ki Tambayi Teku

Wata mai bibiyar wannan fili ta rubuto tana cewa: "Bara mun je Zanzibar ni da maigidana. Muka ware yini guda don sayayya da cin abincin gari da zuwa bakin teku. Muka shantake a kasuwa har azahar, muka ɗauki shatar mota zuwa Paje, da muka isa sai muka tarar babu ruwa, yashi kawai iya ganinka. Da dare muka ci kifi a wani wuri, maigida ya kwana yana zarya. Bana za mu koma da yara. Ina muka kuskure?"

Hajiya, kuskuren ba a kasuwa yake ba. Kun tsara yininku ne da agogon hannu, alhali a gabashin tsibirin Unguja, inda Paje take, teku ne ke raba lokaci. Sau biyu yake cika sau biyu yake janyewa a kowace rana, tsakanin cika da janyewa awa shida da 'yan mintuna, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50. Don haka wadda ta ce miki "ƙarfe uku muka yi wanka makon jiya" ba ta yi ƙarya ba, amma labarinta ba zai amfane ki ba. A Paje da Jambiani gaɓar shimfiɗaɗɗiya ce, idan ruwa ya ja baya sai ya yi ɗaruruwan mitoci, ya bar matan ƙauye suna duƙe a gonakinsu na ciyawar teku. Abin kallo ne, amma ba shi yara suka zo nema ba. Janyewar ta fi tsanani a farkon wata da kuma tsakiyarsa, lissafin da ke hannunki tun daga gida. Otal-otal da yawa suna da jadawalin ruwa, akwai shi kuma a intanet. Ki duba shi tun ana gobe za ku je.

Tunda da yara za ku, ni arewa zan tura ku, Nungwi ko Kendwa, inda gaɓar ke da zurfi, ruwa ba ya gudu da nisa. Sai dai ki sani daga Tsohon Gari, wanda 'yan ƙasar ke kira Mji Mkongwe, inda kasuwar take, tafiyar kusan kilomita 60 ce, fiye da awa guda a mota. Zuwa da dawowa kun ba hanya kusan awa uku. Da za ki ji tawa, da kin raba abin kwana biyu. In kuma dole yini guda ne, to kasuwa ce za ta yi haƙuri.

Ki shiga Darajani da sanyin safiya, kafin ƙarfe takwas. Tun 1904 aka gina ta, kuma har yau nan mutanen gari ke cefane, shi ya sa farashinta ya fi na shagunan tsaraba na layin Gizenga sauƙi. Ki wuce ɓangaren kifi da sauri in ƙarni na damun ki, ki nufi masu kayan ƙamshi. Kanumfari shi ne sarki a nan, karafuu suke ce masa, kin ji kusancin sunan, duk daga Larabci muka aro. Ki ɗauki ƙwaya ɗaya ki danna farce a jikinta: in ta yi ɗan maiƙo ta buɗe miki hanci, mai kyau ce, in ta karye ƙaras babu ƙamshi, ta kwana biyu. Kirfa da masoro ki saye su da ɓawonsu da ƙwayarsu, kada ki sayi gari, don ba ki san abin da aka haɗa a ciki ba. Za a nuna miki wani jan abu a ce za'afaran ne a kuɗin banza. Ba a noma shi a tsibirin, ki wuce.

Ciniki kuwa ba sai na koya wa wadda ta saba da Kantin Kwari ba. Ki ce "bei gani?", nawa ne ke nan, in ya faɗa ki ce "punguza", wato rage. Ki riƙe shilin na Tanzaniya ƙanana. Masu bin baƙo suna cewa za su kai shi shagon ɗan'uwansu, mutanen gari papasi suke kiran su, ma'ana kaska, kuma sunan ya dace, don la'adarsu a cikin kuɗinki take. "Hapana, asante", wato a'a, na gode, da murmushi ya wadatar. In za ki sayi zanen kanga, bibbiyu ake sayar da shi, kuma kowanne da rubutu a gefensa. Ki sa a fassara miki kafin ki biya. Wasu addu'a ce, wasu kuwa habaici ne tsagwaronsa, kada ki kai wa uwar miji tsarabar da aka rubuta don kishiya. Ranar Juma'a shaguna da yawa kan rufe kafin azahar.

Ƙarfe goma ta yi muku a mota. Ku ci abincin rana a can arewa, ku fake wa rana, ku shiga ruwa wajen la'asar. Ba wanda zai kalle ki don kin shiga da doguwar riga da ɗankwali, garin Musulmi ne. Yara dai su sa takalmin roba, akwai wata halitta mai ƙaya kamar bushiya da ke maƙale a duwatsu.

Yanzu batun cikin Alhaji. A lambun Forodhani da ke Tsohon Gari, da zarar rana ta faɗi, ana jera tebura cike da kifi da ƙaguwa da jatan lande a tsinke, fitila na haska su, gwanin sha'awa. Matsalar ita ce da yawa an riga an dafa su tun da rana, ɗumamawa kawai za a yi miki, kuma abincin teku ba ya yafe wannan. Ki nemi abin da ake yi daga ɗanye a gabanki. Akwai abin da suke kira pizar Zanzibar, kwaɓin fulawa ne siriri da ake zuba wa niƙaƙƙen nama da albasa da ƙwai, a naɗe a soya kina tsaye. Akwai urojo, miya mai tsami ruwan ɗorawa, da dankali da wani abu mai kama da ƙosanmu a ciki, a ba ki tana tururi. Akwai mishkaki, tsire ke nan, da ruwan rake da ake matsewa da citta da lemon tsami. Ki ce kada a sa ƙanƙara. Ki lura da teburin da 'yan gari suka yi wa layi, kuma ki ji farashi kafin a ɗora komai a wuta.

Saura direba. A Swahili daga fitowar rana ake fara ƙirgen awa, ƙarfe bakwai na safe shi ne "saa moja", awa ta ɗaya. In kika ce ya zo ƙarfe huɗu na yamma ya maimaita "saa nne", to ƙarfe goma yake nufi. Ƙarfe huɗunki a bakinsa "saa kumi" ne. Ki rubuta masa lokacin a waya, ki nuna masa, ku daidaita kuɗin zuwa da dawowa tun kafin ku tashi, kuma kada ki biya duka sai ya sauke ku a Forodhani.