Darasi: Abin da Ba a Sa a Cikin Lissafi Ba

'Yan'uwa, darasinmu na wannan wata a kan lissafi ne. Idan za a gina madatsar ruwa, ma'aikatan tsare-tsare sukan ƙidaya buhunan alkama da kwandunan tumatir da za a samu, su gwada da kuɗin gini. Abin da ba a kai shi kasuwa, ba ya shiga littafinsu. To, akwai wani reshe na ilimin tattalin arziki da ke cewa a yi wa ruwa da itace da ciyawa kuɗi, a sa su cikin lissafi tun kafin a yanke shawara.

Bari mu duba fadamar Haɗeja da Nguru. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Chalawa kuma a 1992. Ruwan da ya saba malala cikin fadama kowace damina sai aka tare shi a sama, domin noman rani a wajen Kura da Kadawa. A farkon shekarun 1990 wani masani, Edward Barbier, da abokan aikinsa suka auna abu uku kaɗai da fadamar ke bayarwa: amfanin gona, kifi da itacen girki. Suka cire kuɗin da aka kashe, suka raba ribar bisa yawan ruwan da aka yi amfani da shi. Haka suka yi wa gonakin noman rani. Sai ga shi ribar fadama a kan kowane ma'aunin ruwa ta ninka ta aikin gwamnati sau da yawa. Dalili kuwa, can sai an haƙa magudanai, an gyara su, an sayi taki. Nan ambaliya ce ke yin ban-ruwa kyauta.

Ku lura, ba su ma sa kiwon shanun Fulani ba, ko ruwan da ke nutsewa ƙasa ya cika rijiyoyi. Ga kuma kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa tun da kogi ya daina bushewa da rani.

Ba na cewa Tiga ba ta da amfani; birnin Kano na shan ruwanta. Amma masunci a Nguru ya biya wani kashi na kuɗin, ba a kuwa tambaye shi ba. Shi ya sa masana suka ba da shawara a riƙa sakin ruwa daga madatsun a lokacin ambaliya.

A taron ƙungiyarku na gaba, ku zaɓi kurmi ko tafki ɗaya na garinku. Ku kira mata da makiyaya su faɗi abin da suke samu a wurin cikin shekara, ku rubuta nawa za a kashe in da saye za a yi.