Amanar Malamar Asibiti Ga 'Yan Mata Wajen Allurar Rigakafi

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, a watan Oktoba na 2023 Nijeriya ta soma yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa, Jihar Kano kuwa tana cikin jihohin farko. To, idan yarinya a Kibiya ko Rano ta noƙe hannunta, ta ce ta ji allurar tana hana haihuwa, me ya wajaba a kan malamar asibiti?

Na farko, gaskiya. Ta gaya mata sunan cutar, da cewa allurar ba ta hana haihuwa, amma hannu yakan yi tsami, wani lokaci da ɗan zazzaɓi. Shakkar jama'a tana da tushe. A 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin sanƙarau a kan yara kimanin 200 a Kano, iyaye suka yi kukan ba a yi musu bayani ba. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Na biyu, taushin harshe. A Suratu Ɗaha Allah Ya umarci Annabi Musa da Annabi Haruna su sassauta magana ga Fir'auna, balle yarinya mai jin tsoro. Tsawa ba ta gusar da shubuha.

Na uku, a fuskanci yarinyar da kanta. 'Yar shekara 14 sau da yawa ta balaga, shari'a ta ɗora mata salla da azumi. Wadda aka ɗora wa wannan nauyi ta cancanci a saurari tambayarta, tare da neman izinin mahaifinta ko waliyyinta.

Idan ta ce komai ƙaddara ne, a tuna mata Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya juyo daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓulla, bai kuwa fita daga ƙaddarar Allah ba. Riƙon sababi yana cikin tawakkali.

Idan ta ƙi duk da haka, kada a danne ta. A sallame ta cikin mutunci, a nemi iyayenta a sake bayani.

Allah Ya kiyaye zuriyar Musulmi, amin.