Kowace Naira da Sunanta: Nazari a Kan Lissafin Asusu-Asusu da Manhajar Kwamfuta

Daga Karu da Nyanya har zuwa Kubwa, Lugbe, Kuje da Gwagwalada, da wuya a sami unguwa a Babban Birnin Tarayya wadda ba ta da wata ƙaramar ƙungiya da ke rayuwa a kan kuɗin jama'a. Akwai ikilisiyoyi, akwai zumuntar mata da ta matasa, akwai gidajen marayu da ƙungiyoyin ci gaban gari na waɗanda suka zo Abuja neman abinci. Kowacensu tana da ma'aji, kuma yawancin ma'ajin nan ba akantoci ba ne. Malaman makaranta ne, ko ma'aikatan gwamnati, ko 'yan kasuwa da aka ga suna da gaskiya aka ɗora musu nauyi. Wannan nazari domin su ne, da kuma iyalan da ke ba da kuɗin.

Ɗan kasuwa idan ya rufe littafinsa a ƙarshen shekara, abin da yake nema shi ne ya ga ko ya ci riba. Ƙungiyar da ba ta neman riba kuwa tambayarta dabam ce: shin kowace naira ta tafi inda mai bayarwa ya nufa? A kan wannan tambaya aka gina abin da masana ke kira lissafin asusu-asusu. Ma'anarsa ita ce a raba dukiyar ƙungiya kashi-kashi bisa ga manufar da aka karɓe ta, kowane kashi da nasa shiga, da nasa fita, da nasa saura, ko da duka suna kwance a asusun banki guda. A taƙaice kashi biyu ne manya. Akwai kuɗin da aka ba da ba tare da sharaɗi ba, kamar baikon ranar Lahadi, wanda shugabanni ke da ikon kashewa a kan kowace buƙata ta halal. Akwai kuma kuɗin da aka ɗaura masa sharaɗi, kamar gudummawar gini ko kuɗin makarantar marayu. A Amurka ma, hukumar da ke tsara ƙa'idojin lissafi ta mai da rabe-raben nan biyu a shekarar 2016, bayan ta daɗe tana aiki da uku.

Akwatin Yehoyada

Tsarin ya girmi kwamfuta da dubban shekaru. Sura ta 12 ta Littafin Sarakuna na Biyu ta ba da labarin yadda gyaran Haikali ya tsaya a zamanin sarki Yowash, domin kuɗin da ake karɓa yana shiga hannun firistoci amma aikin ba ya motsi. Sai firist Yehoyada ya huda murfin akwati ya ajiye kusa da bagade. In akwatin ya cika, magatakardan sarki da babban firist su ne ke ƙidaya tare. Ba a taɓa wannan kuɗi aka yi kwanonin azurfa ko kakaki ba, ko da yake su ma kayan Haikali ne. Masu aikin gyara kaɗai aka ba. Kuɗin hadayun laifi da na zunubi kuma aka bar shi dabam, na firistoci.

Akwai masu son kafa hujja da wannan sura, su ce ai ba a nemi lissafi daga shugabannin aikin ba saboda amincinsu, don haka binciken kuɗi rashin yarda ne da 'yan'uwa. Sun karanta aya ɗaya sun tsallake sauran. Kafin a kai ga wannan yarda, an riga an raba asusu, an kuma sa mutum biyu daga ɓangarori biyu su ƙidaya.

Yadda rami yake ɓuya

A ɗauki misalin wata ƙaramar ikilisiya da ke da naira 4,000,000 a banki. A cikinsu 2,500,000 na gini ne, 900,000 wani bawan Allah ne ya bayar domin karatun marayu, 400,000 na zumuntar mata ne, saura 200,000 kuwa su ne na hidimar yau da kullum. Sai janareta ya lalace, makanike ya ce gyara zai ci 700,000. Dattawa suka tambayi ma'aji nawa ne a banki, ya ce miliyan huɗu. Suka ce a gyara.

Ba wanda ya saci ko kwabo. Takardar banki za ta nuna 3,300,000, littafin shiga da fita zai daidaita, rahoton ƙarshen wata zai yi kyau. Amma gaskiyar magana ita ce asusun yau da kullum ya ci bashin 500,000, kuma ba a san daga wa aka ranta ba. Ranar da makaranta ta buɗe, ko ranar da ɗan kwangila ya zo karɓar kuɗin kwanon rufi, ranar ce za a gane. A lokacin kuwa wataƙila an sake yin irin haka sau uku ko huɗu, dattawan da suka amince sun sauka, ma'aji shi kaɗai ya rage a tsaye a gaban taro, ana kallon matarsa da 'ya'yansa. Ta irin wannan hanya sunan mutanen kirki da yawa yake ɓaci.

Abin da manhaja take yi

Yawancin manhajojin lissafi suna tafiya ne a kan tsarin rubutu biyu, wato kowane kuɗi a rubuta inda ya fito da inda ya shiga, tsarin da Luka Pacioli ya bayyana a littafin da aka buga a Benis ta Italiya a 1494. Abin da manhajar asusu-asusu ta ƙara shi ne tambaya ta uku: na wane asusu ne? Ba za ta karɓi shigarwa ba sai an amsa. Saboda haka a misalin da ya gabata, da zarar ma'aji ya shigar da 700,000 a ƙarƙashin hidimar yau da kullum, rahoto zai nuna asusun ya koma ƙasa da sifiri da 500,000. Dattawa za su gani da idonsu kafin a sa hannu a kan cek.

Bayan wannan akwai amfani uku da ya kamata a nema. Manhaja mai kyau tana ajiye sawun kowane canji, wato wa ya shigar, wa ya goge, a wace rana. Tana raba iko, mai shigar da kuɗi dabam, mai amincewa dabam, mai bincike kuma ya duba kawai ba ya taɓawa. Tana kuma sauƙaƙa gwada littafi da takardar banki kowane wata, aikin da ma'aji da yawa ke gudu domin yana cin dare.

Wannan na ƙarshe ya ƙara nauyi tun bayan sauya fasalin naira da Babban Bankin Nijeriya ya sanar a Oktoba 2022. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya tura masu baiko da yawa zuwa tura kuɗi ta waya, kuma da yawa ba su koma ambulan ba. Ambulan tana da rubutu a bayanta: zakka, gini, godiya. Kuɗin waya kuwa sau da yawa yakan faɗo da suna kawai, wani lokaci ma sunan mai POS ne na bakin titi. Babu manhajar da za ta iya karanta zuciyar mai bayarwa. Iyalin da ya tura kuɗi bai rubuta manufarsa a wurin bayani ba ya bar wa ma'aji aikin duba, kuma bai kamata ya yi gunaguni ba idan kuɗin marayunsa ya tafi sayen man janareta.

Hukuma ma tana tambaya

A Janairu 2017 ƙa'idar shugabanci ta Majalisar Rahoton Kuɗi ta Nijeriya ta jawo ce-ce-ku-ce, har Fasto Enoch Adeboye ya naɗa wani ya jagoranci cocin Redeemed a Nijeriya. Cikin 'yan kwanaki gwamnati ta dakatar da ƙa'idar ta kuma sauke Jim Obazee daga shugabancin majalisar. Sai kuma a ranar 7 ga Agusta 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Kamfanoni. Dokar ta tanadi cewa ƙungiyoyin da suka yi rajistar amintattu su riƙe cikakkun littattafan kuɗi, su adana su shekara shida, su kuma kai rahoto ga Hukumar Rajistar Kamfanoni, wadda hedkwatarta take a Maitama. Sashe na 839 ya ba hukumar ikon dakatar da amintattu ta naɗa masu riƙon ƙwarya idan an sami almundahana, abin da Ƙungiyar Kiristoci ta Nijeriya ta yi tir da shi. A Afrilu 2023 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke hukuncin soke wannan sashe da wasu da ke biye da shi.

Ko yaya shari'a ta kaya a gaba, abu ɗaya ba ya canjawa. Ofisoshin jakadanci da ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje da ke Abuja, idan za su ba da tallafi, rahoton kuɗinsu kaɗai suke nema, dabam da na kowa, tare da rasit. Ƙungiyar da ta zuba komai a tukunya ɗaya takan sami tallafi na farko. Na biyun ne ba ya zuwa.

Wace za a zaɓa

Excel ita ce kusan kowa ke farawa da ita, kuma ga zumuntar da ke da asusu biyu ko uku ta isa, muddin an ba kowane asusu nasa layi. Rauninta shi ne ana iya canja lamba ba a bar sawu ba. GnuCash kyauta ce, ba ta buƙatar intanet, amma ba don ƙungiyoyi aka tsara ta ba, sai an zauna an yanka mata ƙananan asusu da hannu. Sage 50, wadda tsofaffin akantoci suka sani da sunan Peachtree, da QuickBooks, dukansu don 'yan kasuwa aka yi su. A QuickBooks ana amfani da sashen da ake kira Class a maimakon asusu, kuma ba a kowane matakin biya ake samunsa ba. Fa'idarsu ita ce ba a rasa akanta a Abuja da ya iya su. Aplos kuwa tun asali don coci-coci da ƙananan ƙungiyoyi aka gina ta, sai dai an ɗinka ta ne daidai jikin dokokin harajin Amurka.

Kada a manta da dala. Yawancin manhajojin da ke kan intanet ana biyansu wata-wata da kuɗin waje. Kafin Yuni 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa Fabrairu 2024 ta haura 1,500. Manhajar dala 30 a wata, alal misali, ta tashi daga naira 13,800 zuwa 45,000 ba tare da kamfanin ya ƙara ko sisi ba. Ƙungiyar da baikonta na wata bai kai dubu ɗari uku ba, ba hikima ba ce ta ɗauki wannan kaya. A tambayi mai sayarwa tun farko: idan an daina biya, za a iya kwashe bayanan a tafi da su? Idan kuwa manhajar a kan kwamfuta ɗaya take zaune, a riƙa kwafe ta kowane mako a ajiye a wani gida dabam, domin wuta da ɓarawo ba sa sallama. Sunayen masu bayarwa da lambobin wayarsu kuma amana ce da Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta shafa. Ba abin yaɗawa a zauren WhatsApp ba ne.

Abin da ba ta iya yi

Manhaja tana lissafa abin da aka ba ta ne kawai. Idan baiko ya kai 85,000 aka shigar da 70,000, za ta riƙe saba'in ɗin da aminci har abada. Don haka ƙidaya ta mutum biyu ko uku waɗanda ba 'yan gida ɗaya ba, da takardar ƙidaya mai sa hannunsu, da kai kuɗi banki washegari, duk suna nan daram. Kuɗin ƙungiya kuma kada ya kwana a asusun ma'aji na kansa, ko da na dare ɗaya ne, ko da fasto ne ya roƙa. Matar ma'aji ko mijinta suna da ikon su ce a'a ga wannan, gama gidansu ne zai ɗauki zargin.

Ranar da ta fi kowace wuya ita ce ranar farawa. Dole a shigar da saura na kowane asusu, kuma a nan ne ake gane cewa abin da ke rubuce na gini da na marayu da na mata ya fi abin da ke banki. Jarabar da ke zuwa ita ce a rage lambobin a shiru su daidaita. Hanyar da ta dace ita ce a rubuta giɓin da sunansa, wato bashin da asusun yau da kullum ya ci daga asusu kaza, majalisar dattawa ko kwamiti su rubuta shi a cikin bayanan taro, a yanke nawa za a riƙa maidawa kowane wata. Idan kuɗin mai sharaɗi ne na mutum guda kuma yana raye, a je a same shi a faɗa masa. Shi kaɗai ke da ikon sassauta sharaɗin da ya ɗaura, kuma in ya yarda a karɓi yardarsa a rubuce. Zai fi kyau a fara a watan farko na shekarar kuɗi, a kuma ci gaba da tsohon littafi gefe guda har wata uku, a riƙa gwada su biyun kafin a rufe na takarda.